Sai na zubar da ruwan hitar gida duka kafin in canja radiyeta ɗaya?

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce ka sayi tsohon gida mai bene ɗaya a Luton, radiyetar falo, wato ƙarfen jikin bango da ruwan zafi ke bi ta cikinsa ya ɗumama ɗaki, ta soma tsatsa daga ƙasa har tana ɗiga a kan kafet, ka riga ka sayo sabuwa, kuma wani maƙwabci ya ce maka sai ka zubar da ruwan gidan kakaf kafin ka taɓa ta. Kana so ka san yadda ake zubarwar, da kuma ko aiki ne da mutum zai iya yi da hannunsa.

Za ka iya, in kana da haƙuri da sifana biyu. Amma kafin in kai ga yadda ake yi, bari in rage maka aiki: mai yiwuwa ba ka buƙatar zubar da komai sai ruwan da ke cikin radiyetar kanta. Na daɗe ina wannan sana'a a Ingila, kuma yawancin canjin da nake yi ba na taɓa ruwan sauran gidan. Ba lalaci ba ne. Ruwan da ya shekara yana zagayawa a cikin bututu ya riga ya mutu, iskar da ke cikinsa ta ƙare, ba ya cin ƙarfe sosai. Duk lokacin da ka zubar da shi ka zuba sabo, ka shigo da sabuwar iska, ita ce kuwa abincin tsatsa. Ga shi ruwan yankinku na Luton daga ƙarƙashin dutsen alli yake fitowa, yana da nauyi, irin wanda ke barin farin ɓawo a cikin butar shayi. Wannan ɓawon shi ne zai je ya kwanta a cikin boila, na'urar da ke dafa ruwan hitar. Da a Mancesta kake, inda ruwansu ba shi da wannan halin, da abin ya zo da sauƙi ta wannan fuskar.

Abin da zai raba gardama shi ne awo. Ka ɗauki tef ka auna faɗin tsohuwar da na sabuwar. In sun yi daidai, kuma bawul biyun da ke gefenta suna da lafiya, ba sai an zubar ba. In sabuwar ta ɗan gaza da santimita biyu zuwa huɗu, akwai wutsiyoyin ƙari, wato gajerun bututun da ke haɗa bawul da radiyeta, da ake sayarwa a shagunan Screwfix ko Toolstation, masu cike giɓin. Wannan yana yawan faruwa a tsofaffin gidaje, domin radiyetocin da da inci aka ƙera su, na yanzu kuwa da milimita. Amma in za a matsar da bututu, ko za a canja bawul ɗin kansa, to nan maƙwabcinka ya yi gaskiya.

Tunda muna kan awo, ka duba kaurin sabuwar ma. Mai fuska ɗaya ana kiranta nau'i na 11, mai fuska biyu da haƙarƙari biyu a tsakiya nau'i na 22. Mai tsawon milimita 600 da faɗin 1000 in nau'i na 11 ce tana ba da zafi kusan wat 1,000, in na 22 ce wajen wat 1,700. Sai dai mai kaurin tana turo bakinta nesa da bango, bututun da ya fito daga daɓe ba lallai ya same ta a inda take ba. Mutane da yawa faɗi kawai suke aunawa, sai an rataye sannan a ga noti ya ƙi haɗuwa.

To, hanyar da ba a zubarwa. Ka kashe boila, ka bar gidan ya huce, aƙalla awa ɗaya ko biyu. Radiyeta kamar lagireton mota take, ba a buɗe ta da zafinta. A gefe ɗaya za ka ga bawul mai lambobi daga 0 zuwa 5, wanda ke daidaita zafin ɗaki da kansa. A ɗaya gefen akwai mai 'yar farar hula ta roba, wanda ake kira lokshil. Ka cire hular, ka juya ɗan sandan da ke ciki zuwa dama, yadda hannun agogo ke tafiya, kana ƙirga juyin da ka yi har ya tsaya. Ka rubuta adadin a jikin bango ta bayan radiyetar da fensir. Wanda ya haɗa gidan da wannan bawul ya raba ruwa tsakanin ɗakuna, in ba ka mayar da shi yadda yake ba, sai falo ya yi zafi kamar Sakkwato a watan Afrilu, ɗakin yara a sama kuwa ya zama firji.

Mai lambobin shi ne mayaudari. In ka kai shi kan alamar ƙanƙara, bai rufe ba, jira yake ɗaki ya yi sanyi ya buɗe da kansa don kada bututu ya daskare. Wasu ko a kan 0 ba su da amana. Ka kwance kan nasa gaba ɗaya, ka ɗaura 'yar hular da ke zuwa tare da shi sabo, wadda ke danne allurar ƙasa. In ta ɓata, kuma tabbas ta ɓata a tsohon gida, ka sayi murfin toshe bakin bawul ka ɗaura bayan ka cire radiyetar. Na taɓa zuwa gidan da aka cire radiyeta da yamma don a yi fenti, aka bar taga a buɗe saboda wari, cikin dare sanyi ya sauka, bawul ya yi aikinsa. Da asuba silin ɗin kicin yana ƙasa.

Bayan ka rufe biyun, ka sa ɗan makullin nan mai baki huɗu ka buɗe mafitar iska da ke saman radiyetar, da tsumma a hannunka. Ruwa zai ɗan tsarto ya tsaya. In ya tsaya, bawul ɗinka sun riƙe. In ya ci gaba da fita da ƙarfi bayan minti ɗaya ko biyu, ɗayansu yana wucewa, sai ka rufe ka koma ga zubarwa gaba ɗaya. Wannan gwajin na minti biyu ya fi duk wata shawara da zan ba ka.

Yanzu ka naɗe kafet in zai naɗu, in ba zai naɗu ba ka shimfiɗa leda, ka ɗora tsofaffin tawul, ka tura faranti mai faɗi marar zurfi ƙarƙashin notin da ya haɗa bawul da radiyeta. Sifana ɗaya ta riƙe jikin bawul, ɗaya ta kwance notin. Kada ka kwance da hannu ɗaya, bututun jan ƙarfe mai milimita 15 yana lanƙwashewa, mai milimita 8 ko 10 kuwa kamar karan dawa yake. Ka sassauta kaɗan, ruwa ya zubo, faranti ya kusa cika ka ɗaure, ka juye a bokiti, ka sake. Mafitar iska ta sama ita ce linzaminka: ka buɗe ta ruwa ya gudu, ka rufe ta ya rage. Radiyeta irin girman da na ambata, in nau'i na 22 ce, lita shida zuwa bakwai take ɗauka.

Na farkon zai fito garau, sai ka ce ai ba komai. Na ƙarshen, wanda ke fitowa sa'ad da ka karkata ta, baƙi ne ƙirin kamar tawadar allo, tsatsar ƙarfe ce da ta niƙe ta kwanta a gindi. In ta taɓa kafet mai haske ba sabulun da zai fitar da ita. Ka cusa tsumma a bakunan biyu, ku ɗaga ku biyu, ku juya ta kai ƙasa, bakunan suna kallon sama, sannan ku fita da ita. Nau'i na 22 ko babu ruwa ta haura kilo 30, kada ka ce za ka yi jarumta kai kaɗai.

Sabuwar kuma ka shirya ta tun tana ƙasa. Wutsiyoyin da ke shiga jikinta, ka naɗa musu farin tef ɗin nan na masu famfo, PTFE, zagaye goma sha biyu zuwa sha biyar, ta fuskar da in kana ɗaurawa ba zai warware ba. Toshiyar sama da mafitar iska galibi da zoben roba suke zuwa, ba sa son tef, ba sa son a matse su da ƙarfi. Maratayan tsohuwar da wuya su dace da sabuwa, sai ka kafa nata. In bangon bulo ne, sukuru da filogi sun isa. In allon filasta ne mai rami a baya, sai ka nemo katakon da ke ciki ko ka sayi maƙalai na musamman. Ka sa lebur irin na magina, ka bar gefen mafitar iska ya ɗara ɗayan da ɗan kaɗan, don iska ta taru inda za ka iya fitar da ita.

Wannan ke nan. In kuwa awo ya nuna sai an zubar, tambayar farko ita ce wane irin tsari ne a gidanka, domin iri biyu ne, kuma ba ka faɗa ba.

Ka duba boilar. In akwai geji mai allura ko lamba da ke nuna matsin ruwa da ma'aunin da ake kira ba (bar), misali 1.2, kuma ba ka da tankin ruwan zafi a kabad, to boilar irin da ake kira kombi ce, tsarin rufaffe ne. Ruwan yana kulle a ciki, ba abin da ke ƙara shi sai kai. In kuwa ba geji, ka hau rufin ɗaki ta ƙofar silin, kana taka katako kaɗai, ba allon da ke tsakaninsu ba. Za ka tarar da tanki biyu. Babban na ruwan wanka ne, ba ruwanka da shi. Ƙaramin, mai cin kamar lita 18, shi ne na hita, yana da ƙwallo mai iyo irin na tankin banɗaki. Wannan shi ne buɗaɗɗen tsari, kuma tankin zai ci gaba da ɗura ruwa muddin kana zubarwa. Ka rufe ɗan bawul ɗin da ke kan bututun da ke kawo masa ruwa, in babu ka gitta sanda a bakin tankin ka ɗaure hannun ƙwallon sama da igiya. Ina koyon aiki na taɓa tsayawa fiye da awa ina kallon tiyo yana zuba, ina mamakin yawan ruwan gidan, maigidana yana shan shayi yana kallona bai ce uffan ba. Tunda ka hau, ka leƙa cikin tankin. In akwai dagwalo mai ruwan ƙasa a gindinsa, ka kwashe da kofi da soso kafin ka fara, in ba haka ba zubarwar za ta zuƙe shi cikin bututu.

Ko wanne tsari ne, ka kashe wutar boilar daga makunnin da ke bango kusa da ita, ba daga agogon saiti kawai ba. In ta tashi babu ruwa a cikinta, famfon zagaya ruwa zai ƙone, kuma abin zai iya wuce nan. Ka gaya wa uwargida tun da wuri cewa ba ruwan zafi yau, amma na sanyi yana nan, ba ka buƙatar rufe babban famfon gida. In gidan mai tankin ruwan zafi ne, za ka ga akwati ɗaya ko biyu masu waya a kan bututu kusa da tankin, kowanne da ɗan hannu a gefe. Ka tura hannun zuwa inda aka rubuta na hannu ka maƙale shi, don hanyoyin su kasance a buɗe lokacin zubarwa da lokacin cikawa.

Sai ka nemi bakin zubarwa. Ɗan ƙaramin bawul ne na tagulla mai hanci inda tiyo ke shiga, da kai mai kusurwa huɗu, yana can ƙasa: gefen wata radiyeta kusa da ƙofar waje, ko ƙarƙashin boila, wani lokaci ma a waje jikin bango. Ka sa tiyon ban-ruwa, ka ɗaure shi da kilif, kada ka yarda da turawa kawai. Ɗaya bakin ka kai shi magudanar da ruwan kicin ke shiga, ba ta ruwan sama ba, ba kuma kan fulawa ko dutsen tsakar gida ba, domin akwai magani a cikin ruwan kuma yana rina wuri. Tiyon ya kwanta ƙasa da bakin zubarwar tun daga farko har ƙarshe. Ka buɗe juyi ɗaya ko biyu, ka sa faranti a ƙasa don kusan kullum yana ɗiga ta kai.

A tsohon gida ka sa rai washar da ke ciki ta manne, ka buɗe ba abin da zai fito. Kada ka ci gaba da kwancewa har kan ya fita, nan ne ake wanka da kaya. Ka rufe, ka bi ta wata hanya: radiyetar da za ka cire ai a ƙasa take, ka zubar da ita kamar yadda na bayyana, ka haɗa tiyo a bakin bawul ɗinta, ka buɗe. Abu ɗaya da nake roƙonka kada ka yi: boilar kombi tana da bawul na kariya mai jan kai, wanda ke buɗewa da kansa in matsi ya kai ba 3. Za ka ga masu cewa a murɗa shi a zubar ta nan. Datti zai maƙale a mazauninsa, daga ranar ba zai ƙara rufewa sosai ba, matsi ya riƙa sauka kullum. Garin gyaran gira ke nan a rasa ido.

Ruwa ya soma tafiya, sai ka hau sama ka buɗe mafitar iskar kowace radiyeta, za ka ji tana zuƙar iska. Bayan kamar minti goma sha biyar ka sauko ka gwada na ƙasa, in ruwa ya fito ka rufe ka ƙara jira. Gida irin naka, tsakanin rabin awa da awa ɗaya. Amma tiyo ya daina zuba ba ya nufin ko'ina ya bushe. A gidajen da daɓensu siminti ne, bututu daga sama yake saukowa zuwa kowace radiyetar ƙasa, kowace da aljihunta na ruwa. In ta falonka haka take, sai ka zubar da wannan reshen daban. Duk notin da za ka kwance, ka ɗauka akwai ruwa a bayansa.

Zubarwa ba ta da wuya. Inda ake kirana a waya da daddare shi ne wajen cikawa.

Ka zagaya ka rufe bakin zubarwa da duk mafitun iskar da ka buɗe. Ka ƙirga su da yatsa, ɗaya da aka manta a ɗakin baƙi ta isa ta ɓata ranar. Kafin ruwa ya shiga ka zuba maganin tsatsa, Sentinel X100 ko Fernox F1, duka biyun suna aiki. Lita ɗaya ta X100 tana isar ruwa lita 100, wato gida mai radiyeta takwas zuwa goma. A rufaffen tsari, ka zuba ta toshiyar saman sabuwar radiyetar da mazurari tun tana wofi, ko ta ƙarfen shanya tawul na banɗaki, ko cikin matatar maganaɗisu in an sa maka ita kusa da boila. A buɗaɗɗe, cikin ƙaramin tankin, daidai lokacin da ya soma cika. Mutane suna tsallake wannan don 'yan kuɗi kaɗan, alhali rashinsa ne ya huda radiyetar da kake canjawa. Tsatsar da ta ci ta daga ciki ta ci 'yan uwanta ma, ita ce dai ta riga faɗuwa. Ƙa'idar Birtaniya mai lamba BS 7593 ta 2019 ta ce a riƙa gwada ƙarfin maganin duk shekara, kuma kamfanonin boila sukan duba ruwan kafin su amince da garanti.

A kombi akwai ɗan tiyo mai saƙar ƙarfe launin azurfa a ƙarƙashinta da famfo ɗaya ko biyu, wasu kuma makulli ne ko ɗan hannu. Ka buɗe a hankali har allura ta kai ba 1 zuwa 1.5, ka rufe. Ka je radiyetocin ƙasa ka fitar da iska har ruwa ya fito, matsi zai faɗi, ka dawo ka ƙara, ka ci gaba. Ƙasa tukuna, sannan sama, akasin yadda ka zubar. In akwai yaro mai hankali a gida, ka tsayar da shi gaban gejin yana faɗa maka lamba. Kada ka bar famfon cikawa a buɗe ka hau bene. A buɗaɗɗen tsari kuwa kwance igiyar kawai za ka yi, nauyin ruwa ne ke tura shi, kuma ba shi da ƙarfi: mita goma na tsawo ne ke ba da matsin ba 1, tankinka kuwa bai fi mita biyu ko uku a saman radiyetocin bene ba. Shi ya sa iska ke toshe shi, ko ka tarar bututun da ke saukowa daga tankin ya cushe da datti tun shekaru, ruwa ya ƙi sauka sam. In tankin ya cika amma radiyetoci ba iska ba ruwa, ka tsaya nan ka kira mai sana'a, wannan yakan kai ga yanke bututu.

Ka kunna boila bayan ka tabbata ko'ina ya cika. In ta nuna F22 a Vaillant, ko F1 a Ideal, ko E119 a Baxi, ƙarancin ruwa take kuka da shi, ka ƙara. Za ka ji ƙugi da ɓulɓuli na ɗan lokaci. Ka bar gidan ya yi zafi, ka kashe, ya huce, ka sake bin mafitun iska. Radiyetar da ta ƙi zafi, ka rufe sauran duka na minti goma don famfo ya tura ruwa ta cikinta ita kaɗai. Ka mayar da lokshil adadin juyin da ka rubuta. Sannan ka bi kowane noti da busasshiyar takardar banɗaki, da sanyi da kuma da zafi, domin wani ɗigon sai ƙarfe ya buɗe yake bayyana. In ka ga danshi, kwata na juyi ya isa, kada ka danne shi da ƙarfinka duka. Kwana biyu ko uku ka riƙa leƙa gejin. Ya ɗan sauka sau ɗaya ba laifi, iska ce ke fita. Yana sauka kullum, akwai inda ke yoyo.

Game da doka, canjin radiyeta aikin ruwa ne, ba a neman rajistar Gas Safe, ta masu aikin gas, a kansa. Amma murfin boila iyakarka ke nan. A yawancinsu murfin yana cikin abin da ke tsare hayaƙi, cire shi aikin mai rajista ne, kuma tun 2009 Gas Safe ce ke riƙe da rajistar a madadin CORGI. Kai da ka mallaki gidanka ba ka da wanda za ka tambaya. Ga 'yan uwa masu haya da za su karanta wannan, gyaran hita nauyin mai gida ne a ƙarƙashin sashe na 11 na dokar haya ta 1985, ku rubuta masa, kada ku taɓa. Wanda kuma yake cikin bene mai hita ɗaya ta gama-gari, ruwan ba nasa ba ne shi kaɗai, ko bawul kada ya kwance sai da sanin masu kula da ginin.

Ka fara da safe, ranar da shagunan kayan famfo suke a buɗe har yamma, ba Lahadi bayan la'asar ba. Ka tanadi murfin toshe bututu guda biyu na milimita 15, irin waɗanda ake turawa kawai su kama, da zoben matsi na cikin noti biyu ko uku na ajiya. In ka turo min faɗin tsohuwar da na sabuwar, da tazarar da ke tsakanin bututu biyun, da hoton ƙasan boilar, zan gaya maka wacce daga cikin hanyoyin biyu ce taka.